Garken Jaɓɓo a Akwatin Kwalliya

Mu nan Illela mun ga rigimar gado iri-iri. Mun ga wadda aka yi a kan shago a bakin kasuwa, mun ga ta tirela, har mun ga wa da ƙane sun daina gaisawa saboda jaki guda mai ɗingishi. Amma rigima a kan hodar saman ido, wadda 'yan matan yanzu ke kira aishado, wallahi sai a gidan marigayi Jaɓɓo na gan ta. Kuma duk wanda ya ce muku abin dariya ne, ku ce masa bai san Maimuna ba.

Maimuna ita ce matar marigayin. Doguwa ce, baƙa, ta ba arba'in baya, ɗiyar 'yan kasuwa tun kaka da kakanni, tana saida ƙanƙara da zoɓo a cikin gida. Ba ta da yawan magana, amma in ta ce a'a, sai dai ka gaji don kanka ka kama hanya. Jaɓɓo kuwa Bafulatani ne daga wata ruga a wajen Lafani, siriri, mai saurin dariya. A da shanu gare shi, garke na sosai. Rana ɗaya ɓarayin daji suka kora su kaf, ko ɗan maraƙi ba su bar masa ba. Ya shigo gari daga shi sai sandarsa, ya zama dillali a kara, kasuwar dabbobi, yana saida shanun mutane yana shafa musu tozo kamar nasa. A gari ya ga Maimuna, lokacin tana zawarci, ya aure ta. Ita ba ta taɓa sa ko ɗaya daga shanunsa a ido ba, kuma bai cika zancensu ba. Allah bai ba su haihuwa ba, su kuma ba su mai da abin abin kuka ba.

Ana saura 'yan makonni Babbar Sallah, Jaɓɓo ya raka wani mai sayen raguna Ƙonni. Ya dawo da la'asar sakaliya, gumi sharkaf, ya zauna bakin tabarma ko malfarsa bai cire ba. Ya zaro wani abu daga aljihun gaba ya tura mata.

"Ungo."

Ɗan akwati ne baƙi mai faɗin tafin hannu, ya fi girmansa nauyi. Ta buɗe. Madubi a jikin murfin, a ƙasa kuma hoda ce gida-gida, layi uku, an manne samanta da leda shara-shara. Launukan duk 'yan gida ɗaya ne: jan ƙasa, ruwan makuba, ruwan goro, ruwan zuma, sai guda a lungu mai ƙyalli kamar sabuwar tagulla.

"Malam, wanga mi na?"

"Kwalliya ta. Ta saman ido."

Maimuna ta yi dariya har ta ƙware. "Ni? Da girmana? Ni da ban taɓa wuce kwalli ba? Kuma duk faɗin kasuwar Ƙonni ka rasa abin saye sai mai kalar ƙasa? Ba shuɗi, ba kore, kamar wanda rana ta cinye? Mai shagon ya cuce ka, Malam. Ya amshe maka sefa ya ba ka kwantai."

Bai ji haushi ba. Ya matso, ya karɓi akwatin ya ɗora a gwiwarsa.

"Wucewa nika yi ta gaban shagon, ban nemi komi ba. Sai ƙahwata tat tsaya. Maimuna, garkena nig gani."

Ya ɗora yatsa a kan ledar, bai danna ba. Wannan ja mai duhu, in ji shi, Woɗe ce, uwar garke, wadda ba ta sa baki a ruwa sai ta ga kowa ya sha. Wannan mai haske kalar goshin Wule ce, ɓarauniya, babu gonar da ba ta ja masa faɗa ba. Wannan ruwan makubar Ɓale ce. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kowace da sunanta da halinta, yana dariya idonsa na kawo ruwa. Da ya zo kan mai ƙyallin nan ta lungu, dariyar ta ɗauke.

"Wagga ba tawa ba ta. Ole ta, saniyar Adda."

Adda yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kowa da haka yake kiranta. Ya ce mahaifinsu ne ya ba ta Ole ranar aurenta, ta bar ta a hannunsa, aka tafi da ita tare da sauran. Har yau Adda ba ta tambaye shi saniyarta ba, shi kuma har yau bai iya kallon tsabar idonta ba. "Ki shahwa dut sauran," ya ce. "Wagga ki bar ta."

Maimuna ta daina dariya. Ta ce to, ranar Sallah za ta shafa, ya ga garkensa. Amma ta ce ya jefa mata shi a akwatinsa na ƙarfe tukuna, don 'yan matan da ke shigowa sayen ƙanƙara ba abin da hannunsu ba ya kaiwa. Kun ji kuskuren da ta yi ke nan, kuma kuskure ne irin na mai tattali.

Jaɓɓo bai ga Sallah ba. Ana tsakar ciniki a kara ya dafe kai ya sulale, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Maimuna ta shiga takaba. Ba kwalli, ba lalle, ba turare, ba fita. Adda ta taso daga Lafani da ɗiyarta Ruƙayyatu, budurwar da aka sa bikinta bayan kaka, suka tare a gidan don taya ta zama. Tsakani da Allah Adda ba muguwa ba ce. Tsohuwa ce busasshiya mai kaifin harshe, wadda ta yi wa ƙanenta kuka har muryarta ta dishe. Amma tun fil'azal ba ta yafe wa gari ba da ya cinye mata shi, kuma a wurinta gari shi ne Maimuna da firjinta da zoɓonta.

Da aka yi sadakar arba'in, Adda ta sa aka buɗe akwatin ƙarfen don a san abin da marigayi ya bari. Riguna ne, da 'yar rediyo, da wuƙa mai kube, da igiyar ɗaure maraƙi da ya ƙi yarwa shekara da shekaru. Can ƙasa Ruƙayyatu ta ciro ɗan baƙin akwatin. Ta buɗe, ta saki ƙara kamar wadda ta taka wuta.

"Dada! Dada, zo ki gani!" Haka take kiran uwarta. "Wanga ba irin na baro ba na hwa. Irin wanda masu kwalliyar amare ka zowa da shi daga Sakkwato na."

Ta zauna ta yi musu karatu. Ta ce na baron nan da ake turawa ranar kasuwa, in ka shafa sai ka ga kamar alli, gumi na zuwa ya bi gefen ido ya zubo, ka koma kamar wadda aka mara. Wannan kuwa taɓawa ɗaya ya isa, ya kama fata ya zauna daga safe har dare. Kuma kada su raina kalolin don sun yi kama da ƙasa. Shuɗi da kore na yara ne. Irin waɗannan masu ɗumi su ne ke karɓar fatarmu, su fito da ido ba tare da sun yi ihu ba. Ta ɗaga shi saitin hasken ƙofa tana juyawa, bakinta ya ƙi rufuwa.

Adda ba ta san aishado ba, amma ido ba mudu ba ya san ƙima. Ta dubi ɗiyarta, ta dubi akwatin, nan take ta gan shi cikin kayan da za a kai ɗakin amarya.

Maimuna tana zaune kan tabarmarta a lulluɓe. Ta ce, "Nawa na. Malam yas sawo min."

Adda ta juyo a hankali. "Naki? Mi yak kai shi akwatin namiji?"

"Ni nib ba shi ajiya."

"Ajiya." Adda ta yi 'yar dariya marar daɗi. "Ke Maimuna, ni nig goyi Jaɓɓo. Yaron da bai san kwalli da toka ba, shi za ya shiga shago ya zaɓo hodar ido? Saƙon wani na, ko kau ya sawo ya sami riba. Dubi leda ko ɓantare ta ba a yi ba. Abin da mace tat taɓa shi na nata. Abin da ke cikin leda, cikin akwatin mamaci, na mamaci na."

Nan fa gizo ke saƙa. Babu shaida, daga ita sai shi sai tabarma. Kuma takaba ta ɗaure mata hannu, ba halin ta ɓare ledar ta shafa a yi ta ta ƙare. Sunayen shanun sun zo mata har bakin harshe, ta haɗiye su. Wannan zance ne da miji ya yi wa matarsa idonsa na ruwa, ba za ta baje shi a tsakar gida kamar gwanjo don a yarda da ita ba. Adda ta mayar da akwatin cikin na ƙarfen, ta kulle, ta ɗaura makullin a haɓar zanenta.

Maganar ta kai kunnen Malam Sahabi, limamin unguwa, wanda shi zai raba gadon in an fita takaba. Mutum ne mai son sulhu, ya zo ya tsaya daga bakin ƙofar zaure ya yi sallama. Ya ce abin ai mai sauƙi ne. Kayan mata ne, Maimuna ta rantse nata ne a ba ta, shi ke nan.

Daga bayan labule Maimuna ta ce, "Allah shi gahwarta Malam, ban rantsuwa kan kyautar mijina kamar wadda anka kama da kayan sata."

Malam ya yi gyaran murya. Ya ce to, a yi masa ƙima a sa shi cikin kasonta, ta ɗauki abinta ba gardama.

"In na amshe shi cikin gado, na yarda ke nan bai ba ni ba. Ya kau ba ni."

Malam ya ce Allah ya kyauta, ya sa takalmansa.

Kai, ranar Maimuna ta sha surutu. Ummu maƙwabciyarta, ƙawarta ta ƙut da ƙut, ta shigo ta zauna ta yi ta yi mata faɗa ƙasa-ƙasa. Wane irin taurin kai ne wannan? An ba ki ta ƙofa kin ƙi, an ba ki ta taga kin ƙi. Mace mai takaba tana ja-in-ja a kan kwalliya, me duniya za ta ce? Ai cewa za a yi tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba kina shirin zawarawa. Maimuna ta ce su faɗa, baki nasu ne. Ummu ta ce hoda ce fa, Maimuna, hoda! Maimuna ta ce ta sani, ta miƙa mata zoɓo.

Amma in ta kaɗaita abin yana cin ta. Ba hodar ke cin ta ba. Dariyar nan da ta yi masa ke cin ta, da kwantai da ta kira abin. Mutum ya tsaya gaban shago a ƙasar mutane ya ga dukiyarsa da ta salwanta, ya rasa wanda zai kai wa sai ita, ita kuwa ta ƙware don dariya. Abu ɗaya ya taɓa saya mata wanda ba na ci ba ba na ɗaurawa ba, shi ne kuma ake so ta sa hannu a ce ba a yi ba. Ta yi kewarsa, kewa mai zafi, ta kuma ji haushin kowa har da shi da ya tafi bai jira Sallah ba.

Damina ta wuce, mutanen ƙauyen Darna suka fara yankan gero, zafin kaka ya sauko. Wata rana da hantsi Adda ta fita gaisuwar mara lafiya, Ruƙayyatu ta raɓo ta tsuguna kusa da Maimuna tana wasa da gefen tabarma.

"Inna Maimuna, ni hwa ba ni son rigimag ga. In an ba Dada, ta ba ni, wallahi ni kau in kawo miki. Kyauta."

Maimuna ta dube ta. Yarinyar da gaske take, kuma ana ganin yadda abin ke mata ciwo, don tana son akwatin nan kamar ranta.

"Allah shi yi miki albarka, ɗiyata. Amma ba ki iya ba ni abin da ke nawa."

Ranar fita takaba ta zo. Tun da safe aka ɗora tanda ana suyar wainar sadaka, mata suka cika tsakar gida, maza suna zaure tare da Malam Sahabi suna jira a kira su rabo. Adda ta sa aka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dalbejiya aka jera kayan marigayi: riguna, rediyo, sanda, malfa, wuƙa, igiyar maraƙi. A saman rigunan ta ɗora ɗan baƙin akwatin da hannunta, inda kowa zai gani.

Maimuna ta yi wanka ta ɗaura sabon zane. Ummu ta turara ta, ta miƙo mata tandun kwalli kamar yadda aka saba.

"Ajiye kwallin," in ji Maimuna.

Ta fito. Mata suka fara barka da fita, Allah ya jiƙan Malam, Allah ya ba da haƙuri. Tana amsawa tana tafiya, ba ta tsaya ba sai bakin tabarmar. Duk watannin nan ba tsoron Adda ya hana ta ba, tsoron Allah ne, yau kuwa Allah ya kwance mata hannu. Ta sunkuya ta ɗauki akwatin.

Adda na bakin tanda da ƙwaryar ƙullu. "Maimuna! Kayan gado na! Malam bai raba ba!"

"Ya raba abin da aka rabawa."

Ta zauna daram a tsakiyar mata, ta buɗe murfin, ta sa farce a gefen ledar ta ja. Ƙarar ba ta fi ta ɓare alawa ba, amma tsakar gidan ta yi tsit har ana jin mai na tsartsatsi a tanda. Wata tsohuwa ta ce la'ilaha illallahu. Ummu ta rufe fuska da mayafi. Adda ta dire ƙwaryar ta taso, zanenta na haɗa ƙura.

Maimuna ta danna yatsa cikin jan nan mai duhu. Laushi gare shi kamar garin lalle da aka tankaɗe sau biyu. Ta ɗaga yatsan, ta dubi Adda.

"Woɗe," ta ce. "Uwag garke. Ba ta sa baki ga ruwa sai kowa ya sha."

Adda ta tsaya cak, kamar an ja ta da igiya ta baya.

Maimuna ta rufe ido ɗaya ta goga, ta rufe ɗayan ta goga. Ta danna na gaba. "Ɓale, mai tsoron tsawa." Ta danna mai hasken. "Wule, ɓarauniya. Ita tas shiga gonar mutanen Garu, ke da shi kunka wuni ɓoye cikin kalgo don tsoron Baffa mahaifinku, kinka ba shi hurarki yas shanye."

"Wa yag gaya miki?" Muryar Adda ta fito siririya.

"Wanda yas sawo."

Ta ci gaba. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Kowane gida sai ta danna masa yatsa ta bar shaidarta a ciki, ta kira suna, ta faɗi hali. Shanun da ba ta taɓa gani ba, ga su tana kiransu ɗaya bayan ɗaya a tsakar gidan gari, gaban firji da robobin zoɓo. Matan da suka zo daga Lafani suka fara duban juna, don sun san sunayen. Wata ta ce, wallahi haka Wule take.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, Maimuna ba ta iya shafawa ba. Ta lafta ja a ido ɗaya har gira, ɗayan kuma ta yi masa rabi. Ruƙayyatu tana gefe tana murza hannu, tana kallon abin da ta ƙwallafa rai a kai yana shan yatsa. Ta daure, ta daure, ta kasa.

"Inna, don Allah ba haka aka yi ba! Kina ɓarna!"

Ta zube gabanta bisa gwiwa, ko uwarta ba ta kalla ba. Maimuna ta ce, "Gyara. Amma akwatin na hannuna." Yarinyar ta sa ɗan yatsanta ta share wanda ya haura, ta baje jan a hankali, ta ɗauko ruwan makuba ta sa a gefe, ta ɗiga mai hasken a tsakiya. Da ta ja baya, mata suka zuba mata ido. Abin ya zauna a baƙar fatar Maimuna kamar da shi aka haife ta. Bai yi ihu ba, bai yi fari ba, idanunta ne kawai suka fito manya, masu zafi. Ummu ta leƙo ta ƙasan mayafi ta ce, "Kai, Jaɓɓo ya iya zaɓe."

Ruƙayyatu ta kai yatsa wajen mai ƙyallin nan ta lungu. "Saura wagga, ita ka ƙarasa shi."

Maimuna ta riƙe mata hannu. Duk gidajen sun sami tabon yatsa, wannan kaɗai ke nan sumul. Ta miƙe, ta taka har gaban Adda, ta juya mata akwatin.

"Wagga ba tawa ba ta. Ya ce Ole ta."

Maimuna ta ƙara matso mata da shi.

"Ya ce Baffa yab ba ki ita ranar aurenki, kinka bar ta hannunai. Ya ce har yau ba ki tambaye shi ba, shi kau har yau bai iya kallon idonki ba. Ya ce in shahwa dut sauran, wagga in bar ta. To ga ta, na bari. Ki ɗauki taki, Adda. Sauran nawa na, kuma ba gado ba na, ba rantsuwa, ba alhwarma. Ba ni anka yi."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon ɗan gidan hodar. Rana ta faɗo ta tsakanin ganyen dalbejiya ta sauka a kansa, yana ƙyalli ja-ja, rawaya-rawaya. Adda ta ce wani abu da Fulatanci wanda ba da mu take ba, sannan ta yi wani ɗan sauti da harshe, irin wanda makiyaya ke yi in suna kiran saniya ta zo tatsa. Matan Lafani suka sunkuyar da kai.

"Wawan yaro," ta ce da Hausa, hawaye na bin tsagar fuskarta. "Don kar in ƙara mishi nauyi nis sa ban tambaya ba."

Kada ku zaci ta ba da haƙuri. Adda ba ta san wannan hanyar ba. Ta sunkuya ta zaro wuƙar Jaɓɓo daga kube, ta sa tsininta a gefen gidan hodar, ta ɓanɓaro shi a hankali da ɗan farantinsa na ƙarfe, ko gutsurewa bai yi ba. Ta kwance makullin da ke haɓar zanenta ta jefar kan tabarma, ta ƙulle Ole a wurinsa. Ta share fuska da bayan hannu, ta dubi saman idon Maimuna sama da ƙasa.

"Woɗe ta hi haka ja," ta ce.

Ta wuce bakin zaure ta ɗaga murya. "Malam, ku shigo ku raba. Babu kayan mata cikin kayan ga."

Maimuna ba ta tsaya rabon ba. Ta ce Ummu ta zauna a madadinta, abin da aka ba ta ta karɓa. Ta rufe akwatinta mai gurbi ɗaya a lungu, ta sa a jaka, ta yafa mayafi ta fita zagayen godiya gidajen da suka yi mata zaman makoki. Rana ta take, irin zafin kakar nan da ke narka mutum. Ta shiga gida ta fita gida, gumi na bin wuyanta, hodar ko gezau. Mata suna amsa gaisuwa suna satar kallon idonta, ta san kuma tana ba da baya za a fara. Ko a jikinta.

Hanyarta ta bi ta bakin kara. Dillalai abokan marigayi suna zaune ƙarƙashin rumfa, suka gan ta suka yi mata barka da fita. Wani dattijo cikinsu mai shegen baki ya ƙura mata ido, ya kasa haƙuri.

"A'a, Maimuna, yau-yau? Wagga kwalliya hwa? Biki aka yi?"

Ta tsaya, ta ɗaga kai sosai don ya gani da kyau.

"Shanun Malam nif fito da su su sha iska."